Askin da Na Yi wa Inabin Tsoho

Yanzu kowa ya zama manomin inabi a Potiskum. Ka shiga gidan ma'aikaci sai ka tarar da bokitin fenti an huda gindinsa, an cika shi da ƙasa, an soka wani ɗan tsinke mai ganye uku, maigida yana tsaye a kansa da waya a hannu yana kallon wani Bature yana datse reshe a wata ƙasa da ko rana ba ta yi musu irin tamu. In abin ya gagare su sai su biyo ni rumfata a bakin kara, kasuwar shanu, inda nake sayar da igiya da dusa, su tsuguna su ce, "Baba, an ce kai ne gwanin inabi." Ni da ko aji uku na sakandare ban ƙarasa ba, wai gwani. Nakan gyara zama in yi musu bayani kamar wanda ya yi digiri a kai, su tafi suna godiya. Abin da ban taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba shi ne yadda aka yi na iya.

A gidan kakana aka fara ganin inabi a unguwarmu. Gidan ma yanzu ba yadda na san shi yake ba. An rushe zauren an fitar da shaguna huɗu, ɗaya na cajin waya, ɗaya na sayar da ruwan leda, kuma daidai inda gindin inabin yake an malale da siminti an ɗora janareta. In na wuce na ji yana ruri sai in ƙara sauri. Da can in ka shiga zauren nan ka fita ta ɗaya ƙofar, fili za ka tarar kafin ka kai shigifar da ke shiga wurin mata. A filin nan ɗakin samari yake, da rijiya, da rumfar inabin. Da asuba abin da za ka fara ji ƙarar guga ce tana dukan bangon rijiya, sai kukan shanu a cikin manyan motoci suna wucewa a titi, sai turmin mahaifiyata daga ciki, sai rediyon kakana yana shan iska yana kawo magana rabi-rabi. Yanzu in ka tsaya a wurin ba abin da za ka ji sai hon na masu adaidaita.

Kakan nawa, Tsoho muke ce masa, daga Kano iyayensa suka zo, fataucin fata ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Wani malamin makaranta ɗan Indiya da ya taɓa zama a garin nan shi ya ba shi reshen inabin, tsawon kamu ɗaya, ya nuna masa yadda ake yi. Tun daga nan Tsoho ya ɗauki itacen nan ya sa a ransa. Ni kuwa ni ne babban jikansa namiji, saboda haka tsakanina da shi sai tsiya. Kun san wasan jika da kaka. Kakata Iya ita ce "matata", shi kuma "ɓarawon mata" yake kirana. In na shigo da safe sai in ce, "Tsoho, har yanzu kana nan? Yaushe za ka sakar min matata?" Ya ce, "Ka fara sayen wandon da ba faci tukuna, ɗan banza." Iya tana gefe tana tsinkar zogale tana cewa ita duk wanda ya kawo goro shi ne nata. A gidan nan ba wanda ya isa ya ɗaga ido ya kalli Tsoho, har babana, amma ni ina iya cire masa hula in sa a kaina. Ina iya shirga masa ƙarya a gaban kowa a yi dariya, a ce ai wasa ne. Da wannan lasisin na tashi, kuma ban san inda ya tsaya ba.

Duk shekara in ruwa ya ɗauke, an yanke gero, inabin nan ya rufe rumfa ruf, ganye kore shar, inuwa har sanyi take yi. Daidai lokacin da kowa ya fi jin daɗinta, a lokacin Tsoho zai ce za a yi mata aski. Haka yake cewa, aski, kuma "ita" yake ce wa itacen kamar wata 'yarsa. Da farko zai hana ta ruwa sati biyu ko uku, ko alwala ba a yi kusa da ita, har ganyen ya fara yin rawaya yana zuba. Sai ya sa a tsige sauran ganyen da hannu. Sannan ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya zauna bakin rijiya yana wasa ta a dutse, shuu, shuu, kusan rabin hantsi. Ya hau turmi da aka kifa, ya fara bin rassan ɗaya bayan ɗaya. Ni ne mai riƙe turmin. Yana yi yana magana, ni kuma hankalina yana kan titi.

"Ka ga gindin nan, shi ne uwa. Ka ga waɗannan huɗun da suka kwanta a kan rumfa, su ne hannuwa. Uwa da hannuwa ba a taɓa su. Waɗannan da suka fito a kan hannuwa bana, su ake dubawa. Wanda ya yi ja kamar kirfa, ya kai kaurin fensir, shi ne mai haihuwa. Ka ƙirga ido biyar daga tushensa, ka bar faɗin yatsa a gaban na biyar, ka yanke a karkace. Wanda yake kore, ko siriri kamar tsinken tsintsiya, cire shi gaba ɗaya. Kana ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe. Ido biyar. Ashe ta fi ka ido."

"Uwarka ma ta fi ka hankali. Riƙe turmin."

In ya gama, rumfar nan sai ta koma kamar ƙashin kifi. Matan gida su yi ta mita an kwashe musu inuwar shanya, baƙi su shigo su ce, "Alhaji, ashe itacen nan ya mutu?" Shi dai sai ya haƙa rami kewaye da gindin, a kawo busasshen kashin shanu daga kara a zuba, a kwarara ruwa guga goma. Kwana goma sha, sai ka ga idanun nan sun kumbura sun fashe, toho ya fito, kowane toho da ɗan curin fure a jikinsa. Kafin zafi ya kankama 'ya'ya sun sauko nono-nono irin na dabino, baƙaƙe ƙanana masu ƙwallo a ciki, zaƙi da ɗan tsami. Iya ta ɗinka musu jakunkuna da tsofaffin zannuwa saboda tsuntsaye da jemagu. Ranar yanka kuwa duk gidan da ke layinmu sai an kai masa a faranti, har ƙanwarsa da ke aure a Fika sai an ba direba ya kai mata. Na yanzu da ake sayarwa a roba a bakin titi, manya-manya marasa ƙwallo, ni in na ci ji nake kamar na tauna ruwan sanyi.

To, shekarar da na bar makaranta, ko in faɗi gaskiya, shekarar da makaranta ta bar ni, a shekarar idon Tsoho ya tafi. A hankali ya tafi, har ya zama sai dai ya bambance rana da inuwa. Ƙafafu ma suka ƙi. Aka mayar da shi ɗakin Iya can cikin gida, bai ƙara fitowa fili ba. Ni kuma lokacin na zama cikakken ɗan gari. Safe ina kara ina kora wa dillalai shanu, ina koyon zagi da Fulatanci da Barbarci da Karekare, azahar in dawo da abokaina mu baje tabarma a ƙarƙashin inabin Tsoho, mu ɗora shayi, mu buga ludo har la'asar. Duk unguwar ba majalisa mai daɗin tamu. Samari daga wasu layuka suna zuwa neman wurin zama, ni ke cewa wane ya zauna, wane ya ƙara gaba. Inuwar nan ita ce sarautata.

Da aka yanke gero sai Tsoho ya aika a kira ni. Na same shi a kishingiɗe, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wuƙar nan mai ƙotar ƙaho.

"Ɓarawon mata, zo nan. Shekara nawa kana riƙe min turmi?"

"Tun ina da haƙoran madara, kai kuma kana da naka."

"To bana kai za ka hau. Ubanka da baffanninka ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalla. Ka hana ta ruwa daga yau. Ba na so in tafi ta biyo ni." Sannan ya ce, "Kuma ina so in ƙara ɗanɗana ta ko sau ɗaya ne."

Na karɓi wuƙa na ce, "An gama. Askin da zan yi mata ko ango bai samu irinsa ba." Na fito na jefa ta a aljihun wata riga da ke rataye a ƙusa, na koma ludo.

Wallahi ba da niyyar ƙin yi na fara ba. Cewa na yi gobe. Goben ta zo, na ɗaga kai na kalli ganyen nan, na kalli rana a waje, na ce jibi. In na aske ta ina za mu zauna? Wa zai ƙara zuwa? Ruwa kuwa ba ta taɓa samu kamar lokacin ba, don mu takwas ne, kowa a gindinta yake alwala, a nan muke wanke kofunan shayi. Bayan sati biyu Tsoho ya tambaye ni ko ganye ya fara zuba. Bakina ya riga ni, na ce, "Zuba? Ai jiya na yi mata ƙwal. Kanta ya fi naka sheƙi." Ya yi dariya har da tari. Iya ta ɗago ta kalle ni, na kashe mata ido, ta girgiza kai ta ci gaba da kaɗinta. Kowa a gidan ya san ban yi ba. Ba wanda ya ce komai, ai tsakanin jika da kaka ne, ba a shiga. Su ma matan suna jin daɗin inuwar.

Daga nan kullum da safe sai na shiga na ba shi rahoto, kuma kullum sai na ƙara gishiri. Na ce na kawo taki amalanke guda, na wani bijimin da ya ci ƙosai. Na ce wani reshe ya roƙe ni in bar masa ido shida don yana da iyali. Na ce idanu sun fara kumbura kamar na Iya in an ci mata goro. Tsohon nan da ba ya iya cin tuwo loma uku, sai ya tashi zaune yana dariya yana dukan cinya, yana cewa, "Sai kuma me? Sai kuma me, ɗan banza?" Ni kuma ina jin kaina wani gwarzo. Har na fara gaya wa kaina ai taimakonsa nake yi.

Ran nan da safe, ranar kasuwar shanu ce, na gama zuba na tashi zan fita, sai ya ce, "Gobe da hantsi ka zo da wani mai ƙarfi ku fitar da ni. Ina so in shafa ta da hannuna."

Na ce, "Tsoho, sanyi ake yi, kar matata ta zama bazawara."

"Ai kai ka fi kowa so. Gobe da hantsi."

Ban je kara da kirki ba ran nan. Na dawo tun kafin azahar na kori 'yan ludo, na tsaya ƙarƙashin rumfa na ɗaga kai. Rassa sun sarƙe da juna kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na nemi abin da Tsoho yake faɗa duk shekarun nan, na tarar ba abin da ya zauna sai kalmar aski da maganar fensir, kuma na rasa mai kaurin fensir ɗin shi ake cirewa ko shi ake bari. Abu mai sauƙi shi ne in yi taku goma sha biyar in shiga ɗakin Iya in ce, Tsoho, ban yi ba, kuma na manta yadda ake yi. Sai na ga ai girmana zai zube, ni da ba a taɓa kama ni ba. Maimakon haka na tafi neman Dogo.

Dogo abokina ne, Bafulatani, iyayensa sun zauna a gari amma shi a daji ya tashi wajen Danchuwa yana bin shanun kawunsa. In rani ya yi tsanani ba wanda ya kai shi hawa bishiya ya sassabo wa shanu ganye. Na ce ai wannan shi ne ƙwararre. Ya zo da addarsa a kafaɗa, ya zagaya rumfar sau ɗaya.

"Kaɗo, wannan ce ta hana ka cin abinci? Ni da nake sauke gawo guda kafin shanu su gama shan ruwa?"

"An ce ana barin wasu."

"Manya ake bari, ƙanana a sare. Haka ake yi wa kowane itace. In ruwa ya sauka zai tofo. Ganyen fa, nawa ne? Tumakinmu suna so."

Iya ta tafi suna Nangere tun safe, babana yana kara, mata suna ciki suna daka. Dogo ya hau rumfa, ni ina ƙasa ina ja. Kaf, kaf, kaf. Duk jajayen rassan nan masu ido, waɗanda 'ya'yan bana ke kwance a cikinsu, muka share su tas daga tushe. Da muka ga hannuwan sun yi tsawo sun hana mu janye tarkacen, Dogo ya rage su su ma. A na ƙarshe adda ta goce ta sauka a kan uwar, ta tsaga ta kusan kamu guda. Muka kalli juna. Ya ce, "Ba komai, itace ne." Ya ɗaure ganye dami uku ya tafi. Na share wurin, na watsa toka a kan yankan wai don su yi kamar sun kwana biyu. Kafin magariba tokar ta jiƙe. Duk inda adda ta taɓa ruwa ne ke ɗiga, ɗis, ɗis, saboda ta ƙoshi da ruwan alwalarmu. Iya ta dawo ta tsaya a bakin zaure da ƙullin ƙosan suna a hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta wuce ciki.

Da hantsi ni da babana muka ɗauko Tsoho a kujera. Babana bai san kan inabi ba, shi dai ya ga an yi aski kamar yadda aka saba. Muka ajiye shi a gindin. Ya ɗaga fuska sama, rana ta sauka a kanta. Ya miƙa hannu ya kama uwar, ya bi ta a hankali zuwa sama, ya ce a ɗaga shi tsaye. Muka riƙe shi ta hammata. Yatsunsa suka shiga tsagar nan. Suka tsaya. Ya lalubi inda hannu na farko yake, ya tarar da dungu. Na biyu, dungu. Ya bi dungun yana neman ko reshe ɗaya mai ido, babu. Ruwan itacen ya gangaro masa ta gwiwar hannu ya jiƙa masa riga. Ya kai yatsa hanci ya sunsuna. Ni ina riƙe da shi, ina jin yadda haƙarƙarinsa ke hawa da sauka.

Babana ya ce, "Baba, lafiya? Ko yaron nan ya yi ɓarna ne?" Kuma na san babana, in aka ce eh, a ranar sai na bar gidan ko in bar fata.

Tsoho ya ce, "Ni na sa shi. Ta tsufa, na ce ya sauke ta ƙasa a sake ɗaukar ta." Sannan ya juyo da fuskarsa wajena. "Sai dai wanzamin naka da gatari yake aski. Ka ce masa kar ya zo min kaina."

Babana ya yi dariya. Tunda nake, ran nan ne kaɗai Tsoho ya jefe ni da magana ban rama ba.

Da babana ya fita, ya ce in ɗauko zarto. Ya sa hannunsa a jikin uwar, ƙasa da inda tsagar ta ƙare, ya ce in yanke nan. Na yanke itacen da ya girme ni ya koma kututture iya gwiwa. Ya sa na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe kan. Bai tambaye ni yaushe na yi ba, bai tambaye ni wa ya taya ni ba. Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Za ta yi 'ya'ya bana?" Ya ce, "Bana za ta yi uwa. Baɗi ta yi hannuwa. Shekara ta uku, in Allah ya so, a ci." Ya faɗi shekara ta ukun nan kamar yana faɗin sunan wani gari da ba shi da niyyar zuwa.

Majalisa ta watse da kanta, ba mai zama a rana. Toho shida suka fito a kututturen. Aka fito da Tsoho ya shafa su ɗaya-ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi kauri ya fi miƙewa, ya ce in karye biyar. Na ce ba a bar biyu ba ko da ɗaya zai mutu? Ya ce in na bar biyu duka biyun za su rame. Na kafa sanda, na ɗaure tohon da tsumma, sako-sako, don igiya tana shaƙe shi in ya yi kauri. Duk ɗan reshen da ya leƙo ta hammatar ganye in tsinke shi da farce tun yana ƙarami, don ƙarfin duka ya tafi sama. Da ya kai rumfa ya wuce da kamu ɗaya, Tsoho ya ce in tsinke kan. Ya rabu biyu, na kwantar da ɗaya gabas ɗaya yamma, daga baya kowanne aka sake raba shi. Abin da nake gaya wa masu bokitin fenti ke nan yau, kalma da kalma, har da cewa kar su yi kwaɗayin 'ya'ya a shekarar farko, in fure ya fito su cire. Suna mamakin yadda ban taɓa mantawa ba.

Kullum da safe ina shiga in ba shi rahoto, amma yanzu na gaskiya. "Ta ƙara taƙi ɗaya." "Tsutsa ta ci ganye biyu, na kashe ta." Ya ce to, madalla. Wata rana ya ce, "Ɗan banza, da ka fi iya labari." Na yi 'yar dariya na fita. Sau nawa ina tsayawa a bakin ƙofar nan da niyyar in ce Tsoho ka yafe min, sai in ji ai tsakaninmu ba a irin wannan magana, in na faɗa ma zai mayar da ita wasa. Na bar ta sai gobe. A damina ta biyu, hannuwa huɗu sun kwanta a rumfa sun fara ja, ya rasu, wata ranar Talata bayan azahar, ina kara ina rigima da wani a kan igiya.

Shekara ta uku na hana ta ruwa sati uku cur, na wasa wuƙar, na hau turmi ba mai riƙe min. Ta yi nono goma sha ɗaya. Na farko da ya nuna na yanko na wanke na sa a faranti na kai wa Iya. Lokacin ta daina kaɗi, sai zama a bakin ƙofa.

Na ce, "Matata, ga kayan zance."

Ta karɓa ta ajiye a cinya tana kallo. Can na ji bakina yana cewa, "Iya, ya san ƙarya nake yi masa, ko? Ranar da ya taɓa yankan ya gane."

"Ranar da ya taɓa?" Ta kalle ni. "Kai dai har yau yaro ne. Tun ranar farko ya sani. Makaho ne, ba kurma ba. Cewa ya yi, wane mahaukaci ne zai zauna a rana da azahar yana kaɗa ƙwayar ludo? Yana jin ku. In iska ta taso yana jin ganyen. Na ce bari in yi maka magana, ya ce in ƙyale ka, inabin bakinka ya fi nasa saurin girma, kuma ya daɗe bai yi dariya haka ba."

"To me ya sa ya ce a fito da shi?"

"Don lokaci bai wuce ba. Ya ce ya san ba abin da ka riƙe, kuma kunya ba za ta bar ka ka tambaya ba. Ya ce zai zauna a ƙarƙashinta, ka hau turmi, kana miƙo masa reshe yana shafawa yana ce maka yanke ko bari, ku gama kafin azahar. Har goro ya sa na sayo muku, wai kuɗin wanzami." Ta juya farantin a cinyarta. "Da na dawo daga Nangere na same shi a ƙasa, bakin ƙofar nan. Ya ji saran adda, ya yi ta kiran sunanka. Ga turmi a ciki, ga adda a waje. Ya sauko daga gado da jan gindi, nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce in na gaya maka bai yafe min ba. To yanzu sai ya zo ya kama ni."

Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta sa a baki, ta daɗe tana mamula da dasashi, ta tofar da ƙwallon a tafin hannu.

"Da tsami," in ji ta. "Ka yi gaggawar yanka. Shi yakan ƙara mata sati."

Ta miƙo min farantin ta ce in ɗauka. Na ce na ci a waje. Ta ce, "Ƙarya kake." Na ce eh.